Shekarar da Muka Sare Geron Baba Tanko

Ran nan da yamma ina kishingiɗe a ƙofar gida, samarin unguwa sun dawo daga lodin buhuna a Dawanau, sai hira ta gangaro kan aikin da kowa ya ci abinci da shi. Da na ce ni filin jirgin sama na tsare, sai suka bushe da dariya. Jikana da ke karatu a Dawakin Tofa, wanda tun da ya fara sa farar rigar makaranta ya fi kowa sani a gidan nan, ya ce, "Haba Baba, wane filin jirgi a ƙauyen nan? Ai an ce share hanya kake yi." Na ce masa gaskiyarka, share hanya ne. To ku matso in ba ku labarin sharar, har da shekarar da ta sa muka sare geron Baba Tanko yana tsaye bai nuna ba, a tsakiyar yunwa, saboda matar da ko sunanta bai sani ba.

A lokacin nan babu kwalta, babu gada. Hanyar burji ce ta taso daga wajen Shanono, ta ratsa garinmu, ta tsallaka kogi ta nufi birni. Da rani mota ta bi ta cikin yashi ta wuce abinta. Da damina kuwa, in kogi ya kawo, sai mu zama daga mu sai Allah har ya ga dama ya sauka. Muna da ɗan asibitin sha-ka-tafi, da malamin asibiti guda, Malam Garba, da akwatin oba-oba, wato rediyon da yake magana da babban asibiti da shi. Ciwon da ya fi ƙarfin allurarsa sai ya kira, a turo ƙaramin jirgin likitoci mai farfela ɗaya a hanci, wanda cikinsa bai fi na tasi ba.

Sai dai ina zai sauka? Ku kun san ƙasarmu. Ba mu da dajin da za a share, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara. Shi ya sa aka zaɓi wani miƙaƙƙen yanki na hanyar, daga rijiyar bakin gari zuwa kwanar makabarta, aka ce nan ne fili. Ranar da babu jirgi, hanya ce ta jakuna da masu keke. Ranar da akwai, ba mai taka ta sai na yarda.

Aikin farko da maigidana ya sa ni shi ne tafiya. Sunansa Bukar, shi ne shugaban leburorin hanya, muna ce masa Heluma. Babarbare ne, amma a nan aka binne cibiyarsa, kuma ya yi soja, don haka magana ɗaya yake yi. Ranar da na fara na zo da sabon takalmin taya ina taƙama. Ya dubi ƙafata ya ce, "Cire. Da wannan ba za ka ji ƙasa ba." Haka na yi ta bin hanyar nan ba takalmi, in je makabarta in dawo rijiya, yana biye da ni da sanda. Duk inda diddigena ya ɗan nutse ban tsaya ba, sai in ji sanda a ƙwauri. Wurin da ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafar mutum, tayar jirgi za ta lume a ciki, hancin ya kifa, wanda aka zo ceto ya samu 'yan rakiya zuwa lahira.

Cike rami kuke gani wasa ne. Ba zuba ƙasa ake yi a tattake ba. Sai ka sa diga ka ƙara faɗin ramin har ka kai ga tauri, ka kwashe da shebur, ka ɗebo burji a kwanon sarki, ka zuba kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka daka da madaɓi har ƙarar ta canza, sannan ka ƙara zubawa. Kunne ne yake gaya maka an gama. Duwatsun gefe kuma a shafe su da farar ƙasa, don mai tuƙi ya ga iyaka tun daga sama. Sauran kayan aikin namu, wani farin ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a bakin fili in komai ya yi daidai, da ɗanyen ganye da ake turara wa wuta don hayaƙi ya nuna inda iska take busawa, sai igiya, wadda zan zo kanta.

Babbar abokiyar gabarmu gara ce. Ka share fili yau ya yi sumul, gobe ka tarar ta gina maka ƙullutu mai taurin dutse a daidai inda taya take sauka. Wannan ma da sauƙi, ana ganinsa. Mugun shi ne wanda ta rarake ta ƙasa ta bar maka ɓawo a sama. Heluma kan sa ni in bi ramin da diga har in kai ga uwar garar, fara tiɓis, in ɗauko in nuna masa a tafin hannu, in ba haka ba bai yarda an yi aiki ba. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani gara ba, har yau in na ga suri hannuna ƙaiƙayi yake.

Wata ranar kasuwa aka ce jirgi na tafe, an kawo wani da kububuwa ta sara. Na fito na tarar matan gari sun baza barkono da kuɓewa a kan hanya, don babu wurin shanya mai kyau kamar wurin da na sha wahalar daɓewa. Da ƙyar na lallashe su suka kwashe, ana zagina ana dariya. Muna gamawa sai jakin wani mai tukwane ya zo tsakiyar fili ya kwanta da kayansa. Aka ja, aka tura, aka roƙe shi, ya ƙi. Ga ƙugin jirgi ana ji. Ƙarshe majiya ƙarfi ne suka ɗauke shi cak, da tukwanen da komai, suka ajiye a gonar gyaɗa, mai shi yana ihu a yi a hankali da randa.

Mai tuƙin wani Bature ne dogo, muna ce masa Dogo. Hausarsa ba ta wuce sannu da madalla ba, amma a sama mun fi jin juna. Ba ya sauka kai tsaye. Sai ya fara wucewa ƙasa-ƙasa yana leƙe. In ya gamsu, ya zagayo ya sauka. In wani abu bai yi masa ba, sai ya karkata fuffuke wajen da matsalar take, ya tashi ya zaga ya ba ka dama ka gyara. Ba ya zagawa da yawa, don man jirgi ba ya jira. In ya juya hanci birni, shi ke nan, sai ka koma ka dubi idon dangin mara lafiya. Na ɗora mutane da yawa a jirgin nan: wanda ya faɗo daga giginya, yaran da sanƙarau ya ƙame wa wuya, matan da haihuwa ta zo wa da gardama. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu saƙo ne ya dawo.

Yanzu zancen igiya. Tayoyin jirgi a kan hanya suke gudu, amma fukafukansa sun fi hanyar faɗi, a kan gonakin mutane suke wucewa. Saboda haka Heluma yana da igiya da aka auna, a kafa ta a tsakiyar hanya a ja zuwa cikin gona. Duk inda ta ci, yarjejeniya ce da aka yi a gaban Dagaci, ba a shuka abin da zai wuce gwiwa: gyaɗa, wake, gurjiya. Gero da dawa sai bayan igiya. Yawancin manoma ba su damu ba, don gonakinsu sun yi zurfi, baki kaɗai igiyar take ci.

Banda Baba Tanko. Gonarsa ta gado ce, an raba an sake rabawa tun kakanni, har abin da ya zo hannunsa ya zama doguwa siririya kamar an warware rawani a gefen hanya. Igiya in ta shiga, kaɗan take bar masa a baya. Tsoho ne gajere mai faɗa, kuma duk damina sai mun yi. Yakan matso da geronsa kunya ɗaya, ya yi kamar bai sani ba. In na zo da igiya ya ce ruwa ne ya sa ta miƙe, bara ba haka tsawonta yake ba. Ya taɓa ce wa Heluma shi bai ga dalilin da tsuntsun Bature zai fi shi iko da gonar ubansa ba. Amma duk ranar da jirgi zai sauka, shi ne na farko a bakin gona, hannu a baya, yana kallo har a tashi.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya ba ku labarinsa duka ba, wanda bai gani ba ji kawai zai yi. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai ƙugu ba, aka girbe kara babu kai. Rumbuna suka zama ɗakin ɓera, ɓeran ma ya gudu. Mutanen arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka yi ta kwararowa, wasu suka yada zango a gindin tsamiyar bayan kasuwa. A cikin ranin nan Heluma ya rasu, igiya ta dawo kafaɗata. A cikinsa kuma ɗan Baba Tanko, wanda shi kaɗai gare shi, ya tafi cin rani kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar wa tsoho matarsa da ƙananan yara.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sauka sosai, amma kun san lokacin ne yunwa ta fi cizo: ga kore ko'ina, ga tukunya a kife. Baba Tanko ya samu ɗan irin gero, ya shuke gonarsa kaf har bakin duwatsun farar ƙasa. Wannan karon bai ɓoye ba. Na je na gaya wa Dagaci. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Sule, jirgin nan ya kwana biyu bai zo ba. Mutumin nan ba shi da wata gona, kuma gyaɗa ba ta tuwo. Ƙyale shi. Mu roƙi Allah kada a nemi jirgi kafin girbi." Muka roƙa. Geron kuwa ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani a gonar nan ba, ya fi mutum tsawo da hannu a sama, ya fitar da kai dogaye. Duk mai wucewa sai ya ce ma sha Allah. Jikokin tsoho kullum suna bakin gona suna kallonsa.

Wata safiya, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa kogi ya cika ya batse, Malam Garba ya aiko a kira ni. Na tarar da wani mutum zaune a ƙasa a ƙofar asibiti, ɗaya daga cikin mutanen gindin tsamiya, sunansa Isuhu. Matarsa Habsu ce a ciki. Ta kwana ta wuni ta sake kwana tana naƙuda, ungozoma ta yi iyakar yinta ta ce ɗan a gicciye yake. Malam Garba ya ja ni gefe ya ce, "In ba a yi mata aiki yau ba, gobe sai dai a yi mata sutura. Na kira, sun ce Dogo zai taso bayan azahar, kafin hadari ya haɗu. Amma ka san halinsa. In ya ga geron nan, komawa zai yi."

Na biya ta wurin Dagaci, sannan na ɗauki igiya na nufi gona. Ban taɓa jin nauyin wani aiki irin na ranar nan ba. Na sami Baba Tanko a cikin geron, yana tafe yana taɓa kawunan. Na durƙusa na gaishe shi, na ja gaisuwar don na rasa ta inda zan fara.

Ya ce, "Sule, na ga igiya a kafaɗarka. Faɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa masa.

"'Yar gidan wa ce?"

"Baƙuwa ce, Baba. Cikin mutanen nan na gindin tsamiya."

"Wa ta sani a garin nan?"

"Ba kowa."

Ya janyo kan gero ɗaya, ya danna da farce, farin ruwa ya fito. Ya nuna min. "Ka gani? Nono ne. Ko tumu ba zai yi ba. Kwanaki kaɗan nake roƙo, Sule, ba wata ba. Yaran nan ganyen tafasa ne kaɗai a cikinsu tun shekaranjiya."

"Na sani, Baba."

"Dagaci ne ya ce a sare?"

"Ya ce bakinsa ba zai iya faɗa ba. Ya ce sai abin da ka ce."

"Wato ya ɗora min ya koma inuwa."

Ashe Isuhu ya biyo ni a baya. Sai gani muka yi ya zube a gaban tsoho, ya cire ɗan rawaninsa ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Baba, ba ni da komi. Raƙumi babu, akuya babu. Ni ɗin nan ka riƙe ni, in yi maka noma har in mutu."

"Tashi, kana rushe min kunya!" in ji Baba Tanko. "Ina da abin ciyar da kai ne da zan riƙe ka?" Sai kuma ya sassauta murya. "Haihuwar fari ce?"

"A'a. Biyu gare mu. Mun binne su a hanya."

Tsoho ya juya mana baya ya daɗe yana kallon geron, har na zaci ya manta da mu. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Sule, warware igiyar. Amma wallahi in ka ƙara kara ɗaya a kan abin da ta ci, sai mun je gaban alƙali."

Shi ya riƙe bakin igiyar da kansa, yana tsuke ta ina miƙarwa, muna gardama a kan kowace kunya kamar yadda muka saba. Da aka gama, 'yan layuka ne suka tsira a can baya, sun ɗan fi yawa ta wajen makabarta. Ya dafa su ya ce, "Waɗannan na yara ne. Kowa ya taɓa su, ni da shi."

Kafin nan labari ya kai gari, mutane sun fito da magirbi da adda. Ba wanda ya iya fara sara. Aka tsaya cirko-cirko, don babu manomin da hannunsa zai yarda ya kayar da geron da bai nuna ba, balle na wani, balle a wannan shekara. Baba Tanko ya karɓi magirbi a hannun wani, ya yi bisimilla, ya kayar da karan farko. Sannan ya ɗago ya ce, "To, kallona kuka zo yi?" Aka shiga. Na sha ganin gayya, da kiɗa da kirari, amma ban taɓa ganin wadda ba a ce uffan ba sai wannan. Ƙarar sara kawai kake ji. Wasu har sun fara jera karan a kwance yadda ake yi da girbi don kai ya bushe, sai da na ce a kwashe a kai nesa, iskar farfela za ta watsa shi. Ko dabbar da za ta ci shi ma ba ta rage a garin ba.

Ni kuma na bi hanya da ƙafa. Ruwa ya jiƙa wuri biyu. Matan nan masu shanya, waɗanda muka saba faɗa da su, su ne suka zo da madaɓansu na ɗaki suka durƙusa suna daka burji tare da ni har ƙasa ta amsa. Muka yi azahar a bakin hanya. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na kunna hayaƙi. Da na ga yadda hayaƙin ya kwanta, sai na san akwai matsala. Iska ba ta bin hanya, ratsa ta take yi daga gabas, tana turawa wajen gonar tsoho. Can ƙasan sama kuma hadari ya fara baƙi.

Aka ɗauko Habsu a kan ƙyauren ɗaki aka ajiye a inuwa kusa da rijiya. Ta daina ko nishi, leɓenta ya yi fari. Sai ga ƙugi. Dogo ya sauko ƙasa-ƙasa, ya bi fili tun daga makabarta, muna ganin kansa ta taga. Da ya zo daidai layukan nan na yara, sai ya karkata fuffuke wajensu, ya ɗaga ya tafi zagaye.

Na gane. A ranar da iska take kwance, igiya ta isa. Amma da irin wannan iska jirgi zai iya zamewa gefe, yana son ƙarin wuri a inda zai fara taɓa ƙasa. Baba Tanko yana gefena.

Ya ce, "Me ya ce?"

"Baba..."

"Bar shi. Shekara nawa ina kallonsa? Na ji abin da ya ce."

Ban san tsoho yana da sauran gudu ba sai ranar. Ya tattare riga ya faɗa cikin layukan, yana sara yana faɗa, ban san ko da Dogo yake ba, ko da ni, ko da geron. Jama'a suka rufa masa baya. Mata suna ja, maza suna sara, surukarsa ma tana ciki, tana kwasar kara tana hawaye ba ta tsaya ba. Jirgi ya sake wucewa ana cikin yi, ya ga abin da ake, ya ƙara zagaye mai faɗi. Da ya dawo babu kara ɗaya a tsaye. Ya sauko a karkace yana kokawa da iska, taya ta taɓa, ta yi tsalle, ta sake taɓawa. Na ga fuffuken nan ya share daidai inda geron yara yake ɗazu, sannan ya daidaita ya gangara har rijiya.

Ba a kashe inji ba. Malamar asibitin da ta zo a cikin jirgin ta duba Habsu, ta ce a yi sauri. Aka shigar da ita, ba wurin Isuhu. Ya bi jirgin da gudu har ya gaji ya tsaya a tsakiyar hanya. Suna ɓacewa ruwa ya kece. Kowa ya watse, sai Baba Tanko da ya tsaya a gonarsa, wadda ta koma kututture, ruwa yana dukansa. Na je na ce ya zo mu fake. Ya ce in tafi in ba shi wuri.

Washegari da sassafe aka gan shi a gindin tsamiya. Ya jefa wa Isuhu fartanya ya ce, "Ba kai ka ce za ka yi noma ba?" Ya samo ɗan irin wake a wurin wani, don wake yana yi ko an makara, suka bi tsakanin kututturen suka shuka. Daga ranar, duk abin da aka dafa a gidan tsoho, ko ganye ne, sai an zuba wa Isuhu.

Kada ku zaci daga nan komai ya yi daɗi. Gidan nan sun sha wuya. Surukar ta riƙa yi wa mutane surfe ana ba ta dusa. Da geron gari ya nuna, wasu sun kai masa dami, wasu sun yi kamar ba su san zancen ba, kuma ba na zarginsu, kowa da bakunan da ke jiransa. Rigar tsoho ta yi masa yawa, don nasa rabon yakan tura wa yara ya ce ya ci a waje. Ga shi kuma babu labari. Batirin oba-oba ya mutu kwana kaɗan bayan tafiyar jirgi, babu man tayar da injin da ake caja da shi, kogi kuma bai sauka ba. Kullum in na fito duba hanya zan tarar da shi a bakin gona. Ba ya gaishe ni, sai dai ya ce, "Akwatin Garba ya yi magana?" In ce a'a. Ya yi tsaki ya koma ciyawa. Isuhu kuwa ko tambaya ba ya iya yi, ido kawai yake zuba min. Ni kaina na fara tsoron an sare geron nan a banza, kuma in haka ne ban san yadda zan ƙara bi ta gaban gonar ba.

Sai da wake ya fara fure kogi ya ja baya. Motar farko da ta tsallako, wata akori-kura ce cike da fasinja da buhunan gishiri. Ina cike wani rami kusa da gonar, sai na ga ta tsaya a inda mota ba ta saba tsayawa ba. Aka sauko da wata mata a hankali, ramammiya, tana dafa ƙarfen mota, da goyo a bayanta. Isuhu ya saki fartanya. Bai yi gudu ba, sai ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hannu biyu.

Habsu ta gaishe ni, ta ce malamar asibiti ta ba ta labarin abin da ta gani ta taga, don haka ta roƙi direba ya sauke ta a gonar. Ta ce, "Wane ne mai ita?" Na nuna mata. Ta taka a hankali har gabansa, ta durƙusa da ƙyar saboda ɗinkin aikin da aka yi mata, ta fashe da kuka.

Tsoho ya ruɗe. Ya ce, "Ke, tashi, tashi. Ni ba na son wannan. Mene ne a bayan?"

Ta ce, "Mace ce, Baba."

"Kawo ta nan."

Ta kwance goyo ta miƙa masa. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Bai rungume ta yadda ake rungumar jariri ba. Ya ɗora ta a tafukansa biyu, ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa, yadda manomi yake jin nauyin dami kafin ya jefa a rumbu. Yarinyar ta buɗe ido ta yi hamma.

Ya ce, "Sule, zo ka ɗaga ka ji."

Na ajiye madaɓi na karɓa.

"Ya ka ji?"

Na ce, "Da nauyi, Baba."

Ya karɓe ta, ya gyara mata zani a ka saboda rana, ya dubi gonar tun daga wannan baki har wancan.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Gonar ta yi bana."